Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Maƙoƙo Da Ciwon Da Ke Turo Ido Waje

  Kamar yadda muka saba, abin da muka faɗa a rediyo shi ne muke bugawa a nan, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi saurare ya samu ya karanta, ko kuwa ya sa yaro ya karanta masa da dare.

A wannan mako wasiƙu uku muka haɗa, domin duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ta farko ta fito ne daga wani manomi a yankin Kwanar Ɗangora ta ƙaramar hukumar Ƙiru, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce tun bayan haihuwar maiɗakinsa ta uku, yau wata takwas ke nan, fatar idanunta ta kumbura, idanun kuma suka firfito kamar wadda ta tsorata. Tana cin abinci fiye da da, amma sai ramewa take yi. Gabanta na faɗuwa, hannunta na rawa, ko da sanyin asuba gumi take yi, ga kuma ɗan kumburi a gaban wuya. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu ne, surukarsa na so a kai ta wurin wanzami a yi sakiya, wani kuma ya ba shi shawarar a ƙara mata gishiri a abinci. Shi kuwa ya ce yana jiran kaka ya sayar da masara tukuna, sannan ya ga abin da za a yi.

Ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa. Tana tambaya, me ya sa a zamanin kakanninta ake yawan ganin mata masu maƙoƙo, yanzu kuwa sai jefi-jefi? Ta uku kuma daga wani ɗan tireda ne a Tudun Wada, wanda yake son sanin bambancin gishirin ƙaramar leda da na babban buhu wanda ake aunawa da gwangwani, tunda a harshe duk ɗanɗanonsu ɗaya.

To, mun gode. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Sai ku gyara zama, domin amsar nan tana da tarihi mai ɗan tsawo, kuma sai an bi tarihin ne mai wasiƙa ta farko zai gane dalilin da ya sa ba mu yarda ya jira kaka ba.

Mene ne maƙoƙo?

A gaban maƙogwaron kowane mutum, ƙasa kaɗan da wurin da ke motsi in ana haɗiya, akwai wata 'yar tsoka mai ɓangare biyu, hagu da dama, kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikansa. Likitoci na kiranta tairod. Nauyinta a jikin babba bai wuce giram 20 zuwa 25 ba, amma aikinta babba ne. Ita ce ke zuba wani sinadari cikin jini wanda ke daidaita saurin aikin jiki gaba ɗaya: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, girman yaro da kaifin ƙwaƙwalwarsa. Ku ɗauke ta kamar totur ɗin babur. In an murɗa shi da yawa inji ya yi ta ihu yana shan mai, in kuma an sake shi gaba ɗaya babur ya yi sanyi ya mutu.

Ita wannan tsoka ba ta iya haɗa sinadarinta sai da wani abu da ake kira aidin, wanda jiki ke samu daga abinci. Abin da mutum yake bukata ƙanƙane ne ainun, domin a duk tsawon rayuwarsa bai fi cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Amma in aka rasa shi, sai tsokar ta yi ta ƙoƙarin tsotso ɗan abin da ke cikin jini, tana ƙara girma, har ta zama ƙullutun nan da muke kira maƙoƙo.

Shi aidin mafi yawansa a teku yake. Ƙasar da ke nesa da teku, musamman mai duwatsu da tuddai inda ruwan sama ya daɗe yana wanke ƙasa yana gangarawa, ba ta riƙe shi. Hatsin da aka noma a irin wannan ƙasa zai yi kyau, ya cika rumbu, amma ba shi da aidin. Wanda ya san hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Jos, ya san yadda ƙasa ke hawa, har a kai duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Ruwan da ke sauka a can shi ne ke gangarowa Kogin Kano ya taru a madatsar Tiga. Waɗannan duwatsu 'yan uwan na Filato ne, ita kuwa Filato tana cikin wuraren da binciken likitoci ya tabbatar da yawan maƙoƙo a Nijeriya.

Gishirin kakanninmu

Maƙoƙo tsohon ciwo ne a ƙasashenmu. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Mungo Park, wanda ya ratsa ƙasar Bambara ta Mali a 1796, ya rubuta cewa kumburin wuya ya yi yawa a wasu sassan ƙasar, kuma mutanen wurin suna ɗora laifin a kan ruwan rijiya. Ashe ba abin da ke cikin ruwan ne matsalar ba, abin da babu ne.

Kakanninmu ba su rasa gishiri ba. Ayarin Buzaye na ɗauko kantu da beza daga Bilma da Fachi a kan dubban raƙuma, su sauke a Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth ma tare da irin wannan ayari ya fito daga Azbin kafin ya iso Kano a 1851. Akwai mangul daga ƙasar Manga, akwai gishirin Foga daga yamma, akwai na Awe da Keana daga wajen Binuwai, ga kuma kanwa daga yankin tafkin Chadi. Daga Kurmi kayan nan ke bazuwa kudu a kan jakai. Bebeji kuwa babban zango ne a kan hanyar Kano zuwa Zariya, garin fatake, inda aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai farin gishirin Turawa ya shiga kasuwa, ya rinƙa ture na hamada sannu a hankali.

Sai dai duk waɗannan gishirai, na hamada da na fadama da na teku, ɗanɗano suke bayarwa kawai. Aidin ɗin da ke cikinsu bai kai ya wadatar da jiki ba. Bugu da ƙari, akwai abincin da ke ƙara tsananta lamarin in dama jiki na cikin rashi. Wani likita ɗan Nijeriya, Dokta Ekpechi, ya nuna a shekarun 1960 cewa rogon da ba a jiƙa shi ya tsumu sosai ba yana hana tsokar wuya amfani da aidin. A Darfur ta Sudan kuma an gano a shekarun 1980 cewa gero na da irin wannan hali. Kada wani ya ce mun ce a daina shan fura. In akwai isasshen aidin a abinci, galibi gero ba ya cutarwa.

Kuma abin da ya fi kumburin wuya muni shi ne wanda ido ba ya gani. Mace mai ciki in ta rasa aidin, takan yi ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai, ko ta haifi yaron da ba ya girma, ba ya ji, ba ya magana. Wasu yaran kuma lafiyarsu ƙalau a ido, amma karatu ba ya zama. Ni da na riƙe alli kafin in riƙe makirfo, na san yadda zuciyar malami ke ƙuna in ya ga yaro mai ƙoƙari amma kan ba ya ɗauka.

Yadda aka gano bakin zaren

Tun zamanin da, masu magani a ƙasar Sin suna ba mai maƙoƙo ciyawar teku, yana samun sauƙi, ba tare da sun san dalili ba. Malaman Musulunci ma sun taɓa batun. Masana tarihin likitanci suna ambaton Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, cikin waɗanda suka fara bayanin fiɗar kumburin wuya. Suna kuma ambaton Isma'il Al-Jurjani na ƙasar Farisa, wanda ya yi zamani a ƙarni na 12, a kan cewa ya lura da haɗuwar kumburin wuya da fitowar ido.

Shi kansa aidin sai a 1811 aka gano shi, kuma a wajen neman albarushi. Lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon ne, wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois yana sarrafa tokar ciyawar teku, sai ya ga wani hayaƙi mai launin shuni ya tashi. Da masana suka bincika, suka ga sabon sinadari ne. A 1820 wani likita a birnin Janiba na Suwizalan, Coindet, ya gwada ba masu maƙoƙo wannan abu, ya ga wuya na sacewa. Amma nan da nan aka ga wani darasi. Mutane suka rinƙa sha ba awo, sai wasu suka kama ramewa da rawar jiki da faɗuwar gaba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Suwizalan ƙasa ce ta duwatsu, maƙoƙo ya yi mata katutu, don haka a can aka ƙware wajen fiɗa. A tsakiyar ƙarni na 19, cikin mutum 100 da aka yi wa aikin wuya, kimanin 40 ba sa tashi. Wani likita a birnin Bern, Theodor Kocher, ya yi ta gyara aikin da tsabta da ɗaure jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya, har mace-macen suka koma ƙasa da 1 cikin 100, aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Shi ne kuma ya bayyana a 1883 cewa waɗanda aka cire wa tsokar gaba ɗaya sukan koma masu kasala, fuska a kumbure, jiki a sanyaye, tunani a hankali. Ta nan aka gane cewa tsokar ba ado ba ce.

A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya tatsi ruwan tsokar wuyan tunkiya ya yi wa wata mata 'yar shekara 46 allura, wadda tata tsokar ta daina aiki. Matar ta farfaɗo, ta ci gaba da karɓar maganin, ta ƙara shekara 28 a duniya. A 1895 Bajamushe Eugen Baumann ya gano cewa aidin na taruwa ne a cikin wannan tsoka, a 1914 kuma Edward Kendall na Amurka ya ware ainihin sinadarin da take fitarwa, wanda ake kira tairoksin.

Saura rigakafi. Daga 1917 Dokta David Marine ya yi gwaji a kan 'yan mata 'yan makaranta a garin Akron na Amurka. Cikin 2,190 da aka ba ɗan aidin, 5 ne kawai suka yi maƙoƙo. Cikin 2,305 da ba a ba ba, 495 suka yi. Gani ya kori ji. Sai aka yi tunani, wane abu ne kowa ke ci kullum, talaka da mai kuɗi, kuma ba mai iya cinsa da yawa? Amsa ita ce gishiri. Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, jihar Michigan ta Amurka ta bi a 1924.

Dokar gishiri a Nijeriya

Mu a nan abin ya ɗau lokaci. Tun 1954 wata likita Baturiya, Dagmar Wilson, ta buga bincikenta a kan maƙoƙo a Nijeriya, daga baya likitocinmu na jami'o'i, har da na Jos, suka ci gaba. Amma sai bayan taron shugabannin duniya a kan yara, wanda aka yi a birnin New York a 1990, sannan ƙasashe suka ɗau alkawarin kawar da rashin aidin. Binciken da aka yi a Nijeriya a 1993 ya nuna kimanin mutum 20 cikin 100 na da kumburin wuya, babba ko ƙarami. A wannan shekara aka wajabta zuba aidin a duk gishirin da mutane za su ci, kuma a shekarar ce aka kafa hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne, mafi yawan gishirin da muke ci ta tashar jiragen ruwa yake shigowa, a hannun manyan kamfanoni 'yan kaɗan. In aka tsare bakin rijiya, ba sai an bi tulu-tulu ba. An ƙara matsa lamba zamanin da marigayiya Dora Akunyili ta shugabanci hukumar, daga 2001 zuwa 2008, har a 2005 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar wa cewa gishiri mai aidin ya game gidajenta.

Ina tuna lokacin da nake koyarwa a firamare, aka umarci kowane yaro ya zo da ɗan gishirin gidansu a ƙunshin takarda. Aka jera a kan benci, ma'aikacin lafiya na ɗiga wani ruwa daga 'yar kwalba. Wanda ke da aidin sai ya rikiɗe ya yi shuɗi, wanda babu ya tsaya fari fat. Yara na ta sowa kamar ana dabo. Waɗanda nasu bai juya ba kuwa suka koma gida da saƙo ga iyaye mata. To, malama ta Riruwai, amsarki ke nan. Ba ruwan rijiya aka sake ba, ba kuma mayu ne suka yi ƙaura ba. Gishiri ne aka gyara.

Batun ido: kama da wane ba wane ba ce

Yanzu sai mu juyo kan manominmu na Ƙiru. Malam, abin da ka kwatanta bai yi kama da maƙoƙon rashin aidin ba. Shi wancan galibi wuya kawai yake kumburawa, ba ya turo ido. Ciwon tsokar wuya da ke taɓa ido iri biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne.

Na farko shi ne in tsokar ta yi sanyi, ba ta fitar da isasshen sinadari. Mai wannan za ka ga fuskarsa ta yi suntum, fatar ido ta kumbura musamman da safe, amma ƙwayar idon na nan a mazauninta. Yana jin sanyi ko da bazara, ga kasala, ga yawan barci, ga taurin bayan gida, murya ta dushe, gashi na zuba, jiki na ƙara nauyi ba tare da ƙarin ci ba.

Na biyu shi ne in tsokar ta yi gudu fiye da kima. Wani likita a Ingila, Caleb Parry, ya fara ganin irinsa a 1786, amma sai bayan rasuwarsa aka buga bayanin a 1825. A 1835 Robert Graves na birnin Dublin ya bayyana shi a jikin wasu mata, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa har yau. A 1840 kuma Bajamushe Basedow ya jera alamominsa uku: kumburin wuya, bugun zuciya da fitowar ido. An shafe fiye da shekara ɗari ana ganin ciwon ba a san tushensa ba, sai a 1956 wasu masana biyu a ƙasar New Zealand, Adams da Purves, suka gano wani abu a jinin masu ciwon wanda ke zaburar da tsokar.

Abin da aka fahimta daga baya shi ne, garkuwar jiki ce, wato dakarun jini masu yaƙi da cuta, suke yin kuskure su juya kan mai gida. Su ne ke tsikarar tsokar wuya ta yi ta aiki ba hutu, su ne kuma ke kai hari kan kitse da tsokokin da ke bayan ƙwayar ido. Shi kwarmin ido ƙashi ne ta ko'ina sai ta gaba. In abin da ke ciki ya kumbura, kamar ƙullin da ya tashi a kwano, ba shi da mafita sai baki. Shi ya sa ido ke turowa, fatar sama ta ja baya, fari ya bayyana a saman baƙi. Ciwon ya fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma yakan taso a shekarar da ta biyo bayan haihuwa. Ba a ɗaukarsa wurin wani, ba kuma laifin kowa ba ne.

Amma a kula, ba kowane kumburin ido ne na wuya ba. Ciwon ƙoda na kumbura fatar ido, haka ciwon zuciya, haka tamowa ga yara. Mai ciki in fuskarta ta kumbura tare da ciwon kai, a garzaya asibiti a auna jininta a ranar, domin yana iya zama mafarin jijjiga. Yaron da idonsa ɗaya ya turo shi ma ba a kwana da shi a gida. Saboda haka mu daga ɗakin watsa shirye-shirye ba za mu yanke hukunci ba. Gwajin jini ne ke rarrabewa.

Magani

Kafin shekarun 1940, babban zaɓin mai wannan ciwo shi ne wuƙar likita. A 1941 Dokta Saul Hertz na birnin Boston ya fara amfani da wani aidin na musamman mai tururin nukiliya, wanda ake sha ya je ya rage ƙarfin tsokar. A 1943 Dokta Edwin Astwood ya kawo ƙwayoyin da ke rage mata gudu. Waɗannan hanyoyi uku, ƙwaya da aidin na musamman da fiɗa, su ake bi har gobe.

A asibitocinmu galibi da ƙwayar kabimazol ake farawa, tare da wata mai kwantar da bugun zuciya. Cikin 'yan makonni mutum zai ji sauƙi, amma shan maganin yakan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana gwada jini ana daidaita awo. Babban kuskuren da ake yi shi ne a daina da an ji dama. Wani gargaɗi kuma, mai shan wannan ƙwaya in ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakata da ita ya je asibiti a ranar a duba jininsa, domin jefi-jefi takan karya dakarun jini. Mai ciki, ko mai neman ciki, ko mai shayarwa, ta gaya wa likita tun farko, akwai yadda ake tsara mata. In ƙwaya ba ta kashe ciwon ba, sai a duba fiɗa, ko aidin na musamman wanda ake yi a Ibadan da Abuja. Shi wannan ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma likita kan yi taka-tsantsan da shi in ido na kan ciwo. Wanda kuwa tsokarsa ta yi sanyi, ko aka cire ta, ƙwayar tairoksin zai rinƙa sha kowace safiya kafin karin kumallo, yawanci har iyakar rai, kuma kumburin fuskar yakan sace.

Shi ido yana da tasa tafiyar dabam. Yakan yi watanni, wani lokaci har shekara biyu, yana ja yana zafi, sannan ya lafa. A wannan tsakani ake kiyaye shi: maganin ɗigawa mai hana bushewa wanda likita ya rubuta, baƙin tabarau saboda rana da ƙurar hunturu, ɗaga kai da matashi biyu in za a kwanta. Babban abokin gabarsa hayaƙin taba ne. Mai sha ya daina, maigida mai sha kuma kada ya busa a ɗaki. In abin ya yi tsanani akwai magani mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya, akwai kuma aikin da ake yi a buɗa wa idon wuri. A 2020 an amince da wata sabuwar allura ta wannan ciwo a Amurka, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka ko a can. Abin farin ciki shi ne, mafi yawan masu ciwon ba sa kaiwa ga bukatar waɗannan.

Alamomin da ba a jira da su su ne: gani ya fara dushewa, launi ya koɗe, ja ya daina zama ja sosai, abu ɗaya ya koma biyu, ido ya ƙi rufuwa a barci, ko wani farin tabo ya fito a kan baƙin ido. Wannan na nufin jijiyar gani ta matsu ko gaban ido ya fara gyambo. Ganin da ya tafi ta wannan hanya ba lalle ya dawo ba.

Amsa a taƙaice

Malam na Ƙiru, kada ka jira kaka. Zuciyar da ke gudu dare da rana gajiya take yi, ido kuma ba shi da na canji a kasuwa. In akwai akuya ko buhun da aka ajiye don rana irin wannan, to ranar ta zo. Ku fara da babban asibiti mafi kusa, ka gaya wa likita duk abin da ka rubuto mana, ka nemi a yi gwajin jinin tairod. In sun tura ku gaba, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala a birni, akwai na Shika a Zariya. Don ido kuma akwai asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Ka lallashi surukarka da girmamawa, ka ce mata, Inna, wannan kumburi ba ƙurji ba ne, babu ruwa ko mugunya a ciki, tsoka ce cike da jijiyoyin jini, kusa da hanyar numfashi. In manyan likitocin Turai sun yi shekaru suna rasa mutane a kanta kafin su iya, to ba wurin aska ko sakiya ba ne. Kada a ɗiga wa idon ruwan ganye, ko nono, ko ruwan sukari. Kada a ƙara mata gishiri, kada kuma a ba ta aidin na wanke ciwo ta sha, guba ne. Ka tuna mutanen Janiba na 1820. Ita ba rashin aidin ke damunta ba, ƙarinsa ma zai iya hura wutar. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, tare da neman magani. In ka ga tana saurin fushi ko kuka, ka yi haƙuri da ita, ciwon ne.

Tsofaffin da suka daɗe da maƙoƙo su ma su sani, gishiri rigakafi ne, ba ya narkar da ƙullutun da ya shekara ashirin. In ya fara girma da sauri, ko ya yi tauri, ko murya ta dushe, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, a kai su a duba.

Kai kuma ɗan tireda na Tudun Wada, an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido da harshe duk ba su san kima ba. Ka sayi gishirin da aka rubuta yana da aidin, mai lambar NAFDAC. Akwai gishirin da ake shigowa da shi don jima da dabbobi da masana'antu, wannan ba na miya ba ne komai arharsa. Kuma ko mai kyaun ne, in aka juye shi a faranti ya wuni a rana, ko damina ta jiƙa shi, aidin ɗin raguwa yake yi. Ka ajiye shi a rufe, a inuwa, a bisa katako. Uwargida ma ta zuba nata a gwangwani mai murfi, nesa da murhu. Ba a ce a yawaita ci ba, domin yawan gishiri na jawo hawan jini. Ɗan kaɗan ɗin da aka saba ya isa, in dai mai kyau ne. Amanar ƙwaƙwalwar yaran ƙauyenku tana kan teburinka.

Malam na Ƙiru, muna jiran wasiƙarka ta biyu, ka gaya mana abin da likita ya ce. Allah Ya ba maiɗakinka lafiya, Ya raya abin da aka samu. Sauran masu tambaya a kan tsutsar masara da farashin taki, ku ƙara haƙuri, wasiƙunku na hannu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.